Tambaya da Amsa: Wane Ne Ya Naɗa Uwargidan Shugaban Ƙasa?

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili daga Katsina da Daura sun haɗu a kan batu ɗaya, wato matsayin matan shugabannin ƙasa, don haka muka ga ya dace mu amsa su a zama guda. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata malamar sakandare a Ƙofar Marusa, Katsina: Malam, wata ɗaliba ta tambaye ni a aji wane sashe na kundin tsarin mulki ne ya kafa ofishin Uwargidan Shugaban Ƙasa. Na duba ban samu ba. Shin ni ce ban iya nema ba?

Malama, nemanki bai yi kuskure ba, abin ne babu shi. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ambaci matar shugaban ƙasa ko matar gwamna a matsayin mai riƙe da wani muƙami ba, ba ta rantsuwar kama aiki, ba ta zuwa gaban Majalisar Dattawa don tantancewa, kuma babu albashin da doka ta yanka mata. Sashe na 147 ya yi bayanin naɗa ministoci, sashe na 151 ya yi bayanin masu ba shugaban ƙasa shawara na musamman, sashe na 308 kuma, wanda ya hana a gurfanar da wasu shugabanni a kotu suna kan mulki, masu muƙamai huɗu kawai ya rufe: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Matansu ba sa ciki. Shi ya sa bayan Goodluck Jonathan ya sauka a 2015 hukumar EFCC ta rufe wasu asusun banki da ke da alaƙa da matarsa Patience, aka daɗe ana kai da kawowa a kotu, kuma da ma tana fadar ne aka yi hakan, babu sashen da zai tare mata.

To daga ina motoci da masu gadi da ma'aikata suke fitowa? Suna fitowa ne ta ƙofar mijin. Shugaban ƙasa yana naɗa mataimaka na musamman a ƙarƙashin fadarsa, sannan ya tura wasu su yi aiki da matarsa, ita kuma ta kafa gidauniya mai zaman kanta wadda attajirai da 'yan kwangila da gwamnoni ke zuba wa gudummawa. A nan ne gizo yake saƙar, domin kuɗin ma'aikatar gwamnati akwai babban mai binciken kuɗi na tarayya da kwamitocin majalisa da ke da ikon tambayar yadda aka kashe su, amma gudummawar da ɗan kwangila ya kai wa gidauniyar matar mai ba da kwangila, babu wanda doka ta ɗora wa nauyin tambayar dalilinta, alhali kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiransa.

Ki gaya wa ɗalibarki cewa wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin sa wa abin iyaka. A Amurka, inda wannan laƙabi ya samo asali, an yi doka a 1978, zamanin Jimmy Carter, wadda ta amince a ba matar shugaba ma'aikata don ta taimaka wa mijinta wajen ayyukansa, ba tare da an ba ta albashi ba. A Faransa kuwa, da Emmanuel Macron ya so ya ba matarsa matsayi na hukuma a 2017, jama'a suka yi ta sa hannu a takardar ƙin amincewa, ya janye, aka tsaya ga wata takardar da ta fayyace abin da za ta riƙa yi da irin ma'aikatan da aka ba ta.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gona a Daura: Ɗana, ni na ga zamanin Tafawa Ɓalewa, na ga na Shagari, ban taɓa sanin sunan matar ɗayansu ba. Yaushe wannan abu ya shigo mana?

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka tuna daidai ne, iyalan Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Shehu Shagari sun zauna a gidajensu, ba a san su a taron gwamnati ba. Wannan ba ya nufin cewa ba a ga matan shugabanni ko kaɗan ba a wancan zamani. Flora, matar Nnamdi Azikiwe, tana fitowa tare da mijinta a bukukuwan ƙasa, kuma auren Yakubu Gowon da Victoria, wadda ma'aikaciyar jinya ce, an yi shi ne a Legas a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, har wasu suka yi ta gunaguni a kan yin shagali sojoji na bakin daga. Sai dai aikinsu bai wuce tarbar baƙi da ziyarar asibiti da gidan marayu ba. A mulkin Janar Buhari na soja, daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, matarsa ta wancan lokaci, marigayiya Safinatu, ita ma ba ta cika fitowa ba.

Wadda ta sauya al'amarin ita ce Maryam Babangida. Kafin mijinta ya hau mulki ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshin soja, ta saba da tara mata da tsara aiki, kuma a Satumban 1987, watan da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara wanda mutanenmu suka riƙa kira Beta Laif. Dabararta ita ce ta bi tsarin mulkin soja daga sama har ƙasa: ita a tarayya, matan gwamnoni a jihohi, matan shugabannin ƙananan hukumomi a ƙasa, ta yadda duk matar da mijinta ya samu kujera sai ta wayi gari ita ma da ofis da tawaga. An kafa ƙungiyoyin gama kai na mata, an raba injinan niƙa da na matsar man gyaɗa, an buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci, an riƙa kai sana'o'in matan ƙauye baje koli a birane. Ya kamata a tuna cewa wannan ya zo ne a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira ya tsananta rayuwa, saboda haka gwamnati ma tana da buƙatar wata fuska mai taushi da za ta nuna wa talakawa. Masu suka sun riƙa cewa rayuwar matan manya ce ta gyaru, ba ta matan karkara ba, domin abin da ake gani a talabijin shi ne leshi da gwala-gwalai da manyan ɗaure-ɗauren kallabi. Akwai gaskiya a sukar, amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba, tunda a zamanin ne aka kafa hukumar kula da harkokin mata ta ƙasa a 1989, aka kuma gina cibiyar bunƙasa mata da ke Abuja.

Daga nan kowace ta zo da nata. Maryam Abacha ta kawo shirin tallafa wa iyali, a zamaninta ne aka ɗaga hukumar mata ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1995, kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1999, an faro shi ne a ƙarƙashin shirinta a matsayin asibitin mata da yara. Mai shari'a Fati Lami Abubakar, wadda mijinta bai cika shekara a kan mulki ba, ta kafa ƙungiyar WRAPA mai kare haƙƙin mata a 1999, ta ci gaba da aikinta na alƙalanci har ta zama Babbar Jojin Jihar Neja. Stella Obasanjo ta mayar da hankali ga yara masu buƙata ta musamman har rasuwarta a Sifen a watan Oktoban 2005. Patience Jonathan ta fi karkata ga siyasa da neman a ba mata kaso 35 cikin ɗari na muƙamai. Oluremi Tinubu kuwa ta shiga fadar ne bayan ta yi shekara goma sha biyu a Majalisar Dattawa tana wakiltar Legas ta Tsakiya, wato ita kaɗai ce a cikinsu da ta taɓa cin zaɓen tarayya da sunanta.

Tambaya ta uku, daga wata tela a Rafin Daɗi, Katsina: Malam, shekarun baya matar wani shugaban ƙaramar hukuma ta buɗe mana cibiyar koyon ɗinki. Da aka sauya gwamnati sai aka kulle. Me ya sa ayyukansu ba sa ɗorewa?

Hajiya, irin wannan cibiya na taɓa tsayawa a ƙofar wata, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ranar buɗe ta an kafa rumfuna, mata sun yi anko da atamfa mai hoton mai ɗakin shugaba, an jera kekunan ɗinki goma sha biyu a kan tebura kowanne da jan ƙyalle a wuya, maroƙa na ta zuba kirari. Bayan shekara uku na sake bi ta wurin, na leƙa ta tagar da gilashinta ya fashe, na ga kekuna huɗu sun rage, ƙura ta rufe su, zanzaro ya yi gini a jikin ɗaya, allon sunan kuma an cire shi an jingine a bango fuskarsa na kallon ciki.

Dalilin bai da nisa. Aikin da aka gina a kan sunan mutum ɗaya ba shi da layi a kasafin kuɗi, ba shi da ma'aikata na dindindin, kuma wadda ta gaji kujerar ba ta son ta shayar da itacen da wata ta dasa, domin inuwar ba sunanta za ta ɗauka ba. Masu ba da gudummawa su ma mijin suke kallo, ranar da ya sauka hannunsu ya koma aljihu. Beta Laif da duk girmansa bai daɗe ba bayan Babangida ya sauka a 1993. Cibiyar maganin ciwon daji da Hajiya Turai 'Yar'aduwa ta tara wa kuɗi a Abuja a 2009 ta tsaya cak bayan rasuwar mijinta, kuma wani fili a Abuja da aka ba gidauniyarta aka sake ba wata ƙungiyar matan shugabannin Afirka zamanin Patience Jonathan, har magana ta kai kotu. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda suka fita daga hannun masu su: Asibitin Ƙasa ya koma ƙarƙashin doka da kasafin gwamnati, WRAPA ta tsaya da shugabanninta da mambobinta, asibitin haihuwa da yara na nan Katsina mai ɗauke da sunan Turai kuma asibitin gwamnatin jiha ne, albashin ma'aikatansa ba ya jiran wata gidauniya. Idan aka sake kawo muku irin wannan cibiya, ku tambaya tun ranar buki sunan wa ke kan takardar ginin, kuma wa zai biya mai koyarwa bayan shekara huɗu. Idan kuna da ƙungiya mai rajista, ku nemi a damƙa kayan a hannunta a rubuce.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: Jiharmu ta fitar da zaɓaɓɓun shugabannin ƙasa biyu. Ana cewa Turai ta yi mulki a bayan labule, Aisha kuma an hana ta. Yaya Malam yake gani?

Wannan tambaya tana buƙatar taka-tsantsan, domin abin da ya faru a cikin ɗaki masu ɗakin ne suka san shi, mu abin da ya fito fili kawai za mu iya aunawa. Abin da ya fito fili shi ne, a ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Saudiyya jinya ba tare da ya aika wa majalisa takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu a haka, har ranar 9 ga Fabrairun 2010 Majalisar Tarayya ta dogara da hujjar larura ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba. An dawo da shugaban Abuja cikin dare a ƙarshen watan, ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, aka yi masa sutura a Katsina. A tsawon wannan lokaci tawagogin gwamnati sun je Jidda sun dawo ba su gan shi ba, jaridu kuma suka ɗora alhakin a kan matarsa da wasu 'yan tsirarun makusanta.

Ra'ayina shi ne, mace ta tsare ƙofar ɗakin mijinta marar lafiya abu ne da kowace matar kirki za ta yi, kuma ba ta karya wata doka da yin haka ba. Matsalar ita ce ɗakin ya zama shi ne fadar mulkin ƙasa, kuma kundin tsarin mulki a lokacin ya bar miƙa mulki ga ganin damar shugaban. Laifin giɓin na doka ne, shi ya sa a gyaran da aka yi wa sashe na 145 a 2010 aka ce idan shugaba ya yi kwana 21 bai aika da takarda ba, majalisa za ta iya ba mataimakinsa riƙo. Ba a Najeriya aka fara ganin haka ba. A 1919 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shugaban Amurka Woodrow Wilson, matarsa Edith ta zama ita ke zaɓar takardar da za ta isa gare shi da mutumin da zai gan shi har ƙarshen wa'adinsa a 1921, kuma sai a 1967 Amurkawa suka toshe wannan kafa da gyara na 25 a kundinsu.

Labarin Hajiya Aisha Buhari ya bi wata hanya dabam. A yaƙin neman zaɓen 2015 Buhari ya nuna cewa ba zai riƙe ofishin uwargida ba tunda babu shi a doka, kuma a wa'adin farko ana kiranta matar shugaban ƙasa ne kawai, sai a 2019 ta nemi a koma ga laƙabin da aka saba. Ta gudanar da shirinta na lafiyar mata da yara, amma abin da aka fi tunawa da ita shi ne bakinta. A Oktoban 2016 ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan kaɗan sun kankane gwamnati, mijinta bai san yawancin waɗanda aka naɗa ba, kuma idan aka ci gaba a haka ba za ta fita yi masa yaƙin neman zaɓe ba. Shi kuma ya mayar da martani daga Jamus, yana tsaye kusa da Angela Merkel, cewa wurinta shi ne kicin da falo da ɗaya ɗakin. A shekarar da ta biyo baya ta fito fili ta soki asibitin fadar shugaban ƙasa kan rashin kayan aiki. Na ji yadda aka yi ta muhawara a kan hirar nan a majalisun shayi na Daura, wasu na cewa ta tona asirin gida, wasu na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga ɗalibin siyasa, abin lura shi ne cewa matan nan biyu doka ɗaya ce a kansu, wato babu, amma ɗaya an zarge ta da rufe ƙofa, ɗaya kuma ta yi kukan an rufe mata. Nauyin kowace ya tashi ne daga yadda mijin ya ba ta kunne da kuma su wa ke tsaye a tsakaninsu.

Tambaya ta biyar, daga wata ma'aikaciyar jinya a Daura: Ai mu a Daura mata ne suka fara sarauta. Ashe wannan ba gadonmu ba ne? Sannan idan shugaba na da mata huɗu, wacce ce za a ba?

Malama, gadon namu ya fi wannan ƙarfi, amma ba irinsa ba ne. A tarihin da aka gada, Daurama da sarauniyoyin da suka gabace ta su ne masu ƙasar da kansu, kuma a labarin rijiyar Kusugu Bayajida ne baƙon da ya samu matsayi ta hanyar aurenta, ba ita ta samu ta hanyarsa ba. Bayan sarauta ta koma hannun maza, muƙaman mata da suka rage, irin su Magajiya da Iya, da Inna a Gobir, da Mai Babban Ɗaki a Kano, yawanci na uwar sarki ne ko 'yar'uwarsa ko wata 'yar gidan sarauta, wato jini ne ke ba da su, kuma naɗi ne sananne mai iyaka da hurumi. Matan sarki kuwa suna cikin gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu kuma matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru inda jajis, wato mata malamai, ke bi ƙauyuka suna karantar da mata, kuma ana jin maganarta ne saboda iliminta da rubuce-rubucenta. Tsarin nata ya rayu bayanta fiye da ƙarni guda.

Batun mata huɗu kuwa, harshenmu ya riga ya yanke hukunci ba tare da an tambaye shi ba, domin da aka fassara laƙabin da kalmar uwargida, an ba matar fari ke nan, ko da kuwa amarya ce ta fi boko ko ta fi son fita taro. A aikace miji ne ke zaɓa, kuma an ga gwamnonin Arewa da suka raba wa matansu ayyuka, wannan ta ɗauki ilimi, waccan ta ɗauki lafiya. Maƙwabtanmu na Nijar da ke tsallaken Kongolam sun bi hanya mafi sauƙi: a mulkin Mahamadou Issoufou, daga 2011 zuwa 2021, matansa biyu, Aissata da Dakta Lalla Malika, duka an ba su laƙabin, kowace da gidauniyarta, ta farko Guri, ta biyu Tattali Iyali. Kafin shi ma Mamadou Tandja ya yi mulki da matansa biyu a bainar jama'a.

Akwai sauran rabin tambayar da ba ki yi ba, wato sunan da za mu ba mijin shugabar ƙasa. Tanzaniya na da shugaba mace, Samia Suluhu Hassan, tun Maris na 2021, mijinta Hafidh Ameir kuma da wuya a gan shi a taro. A Najeriya Sarah Jibril ta nemi tikitin PDP a 2011 ta tashi da ƙuri'a ɗaya, mace ɗaya tilo da ta taɓa zama gwamna kuma ita ce Virginia Etiaba ta Anambra, wadda ta riƙe kujerar kusan wata uku daga Nuwamban 2006. Na tambayi abokan aikina uku a nan ofis, ɗaya ya ce maigidan shugabar ƙasa, ɗaya ya ce angon ƙasa, na ukun ya ce a bari sai ranar ta zo.